Ratsa-Duniya Ya Nufi Teku

A duk ƙasar Minjibir ba a taɓa yin matafiyi kamar Alhaji Abdulrashid ba. Shekara talatin da biyar yana buga hatimi a ofis, ko sau ɗaya hatimin bai karkace ba. Da ya yi ritaya sai ya ga bai dace a bar duniya ba ta ga mutum irinsa ba. Ya sayi jan babur da hular kwano da safar hannu, ya raɗa wa kansa suna Ratsa-Duniya.

Ranar Juma'a ana idar da salla ya miƙe a ƙofar masallaci.

"Jama'a, ku shaida. Zan tuƙa babur ɗin nan har Legas. Ba za ku sake ganina a garin nan ba sai tayata ta taɓa ruwan teku. In na saɓa, ku daina kirana Ratsa-Duniya."

Ba wanda ya fara kiransa haka tukuna, amma aka yi alkawarin dainawa.

Ya tashi ranar Asabar. Sai dai a wajenmu kafin ka gama ɗaga wa wannan ƙauye hannu ka shiga wancan, kuma mai mutunci ba ya wuce dattawa a gindin bishiya bai gaisa ba. Alhaji zai tsaya, ya cire hula, ya zare safa yatsa-yatsa, ya yi musu bayanin teku. Bai taɓa ganinsa ba, amma bayanin ba ya rasa komai. A kawo ruwa, a kawo fura, a kira azahar. In ya miƙe sai wani ya ce, "Alhaji, tunda tafiya ce, ga ɗan saƙo. Ai kan hanya ne."

Babban mutum ba ya ƙin saƙo. Ya kai daddawa Ungogo. Daga can ya kai irin gero wani ƙauye, inda aka ɗora masa galan ɗin man gyaɗa. Ran kwana na goma sha biyu yana Makoda, wato ya fi nisa da teku fiye da ranar da ya tashi.

"Manyan matafiya haka muke," in ji shi. "Sai mun san arewa muke yin kudu."

A nan wata tsohuwa ta miƙa masa kwandon ƙwan zabi. "Ka kai wa 'yar ƙanwata Furera a Minjibir. Mijinta wani tsohon ma'aikaci ne mai yawan magana, kowa ya san gidan."

Furera matarsa ce. Ga dattawa suna kallo. Ya karɓa.

Da la'asar ya shiga garinsu, gilashin hula a sauke don kada a gane shi. Ya tsaya a ƙofar gidansa, ya yi sallama da wata murya ta aro. Furera ta leƙo, ta karɓi kwando, ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu, mai babur. Zauna a dakali a kawo maka tuwon maigidan. Ai shi yana Legas."

Tuwon ya zo, da miyar kuɓewa ɗanya. Kwana goma sha biyu yana shan furar mutane. Ya daɗe yana kallon kwanon ta cikin gilashi, sannan ya kwance igiyar hula.

Maƙwabcinsa Muhammadu Sani, da ke zaune a dakalinsa tun ɗazu, ya matso cikin girmamawa.

"Barka da hanya, Alhaji. In gobe za ka koma Legas, ina da ɗan saƙo zuwa Ungogo."