Kambun Baba Nomau a Gaban Mumbari

Cikin ranakun da ba zan taɓa mantawa da su ba, babu kamar Lahadin da na hau mumbari. Cocinmu ƙarami ne, a wani ƙauye can bayan Bagwai. Mu Kirista 'yan kaɗan ne a tsakanin maƙwabtanmu Musulmi, kowa ya san kowa har yawan awakinsa. A shekarar ana maganar sa ni cikin dattawan ikkilisiya, sai Fasto ya ce kafin zaɓe sai jama'a sun ji wa'azina. Ya ba ni labarin yadda Ubangiji ya ƙwato Isra'ilawa daga hannun Fir'auna.

Ni kuwa a aji huɗu na bar makaranta. Fartanya na iya, ba tsayuwa gaban mutane ba. Kwana shida ina fama da labarin. Ina noman gero ina maimaitawa, da na kai bakin teku sai kaina ya ɗauke, in rasa Musa ne ya ɗaga sanda ko Haruna. Matata Saratu ta ce, "Maigida, ka yi addu'a mana." Na ce na yi. (Na yi ɗin, sai dai ban ga alamar amsa ba, ni kuma sauri nake.)

Ranar Asabar na zagaya gidan Baba Nomau, ƙanin mahaifina, wanda bai shiga coci ba, bai shiga masallaci ba, yana nan kan al'adar kakanni. Da ya ji damuwata sai ya ce, "Kai da za ka faɗi ƙarfin Allahnku, me ya kawo ka wurin tsoho?" Na ce, "Baba, a dai taimaka, bakin ne ke rawa." Ya ɗauko wani tsohon kambu na fata, irin wanda 'yan dambe ke ɗaurawa a dantse, ya ce na kwarjini ne, amma igiyar ta ruɓe, in sake ta. Ban sake ba, don kada Saratu ta tambaye ni me zan yi da igiya.

Da safe na ɗaura shi, na zuba babbar riga a kai. Da na hau mumbari, da farko sai kame-kame nake yi, gumi har ƙugu. Can sai baki ya buɗe. Na kawo rundunar Fir'auna a baya, teku a gaba, ga ginshiƙin wuta, ga gajimare. Mata sai "Amin" suke yi. Na ce duk wanda ya dogara da wani abu ban da Allah, shi da dawakin Fir'auna ɗaya ne, ruwa zai ci shi. (Wannan ban shirya shi ba, daɗin baki ne ya ja ni.) Sai na ce, "Ku dubi yadda Ubangiji ya miƙa hannunsa mai iko," na wurga hannuna sama da ƙarfi.

Igiya ta tsinke. Kambu ya zamo ta gefen riga, ya faɗi a siminti, ya gangara ya tsaya daidai ƙafar Mama, matar Fasto.

Kowa ya zuba wa kambun ido. Babu wanda bai gane shi ba, duk a gidajen masu irinsa muka tashi. Mama ta ɗaga shi da yatsu biyu ta ce, "Dattijo, ga sandar Musa ta faɗi." Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ai na Nomau ne, na san ɗinkin." Saratu ta ja gyale ta rufe fuska. Ni kuwa hannuna na nan a sama, na manta yadda ake sauke shi.

Fasto ne ya ɗaga waƙa, ya ƙetarar da Isra'ilawa da kansa, don ni a tsakiyar teku na bar su. Bayan an tashi ya ja ni gefe ya ce, "Tsoro ba laifi ba ne, Musa ma ya ce bai iya magana ba. Amma shi wurin Allah ya kai kukansa." Ranar zaɓe ko sunana ba a ambata ba.

Abin da na koya, kafin ka gaya wa jama'a Allah ya isa, ka tabbata kai ka yarda tukuna. In kuwa ka san ba ka yarda ba, to ka yi wa'azinka hannu a ƙasa.