Gilashin da Mai Girma Ya Yaba

Jama'a, jiya Talata an miƙa mini takardar yabo a bainar jama'a. Ku yi haƙuri in kawo bayanin daki-daki, domin ni mutum ne mai tsoron a fahimce shi a karkace.

Asibitin unguwarmu a nan Kwatano yana da tagogin ƙarfe ashirin da huɗu: sha takwas manya a gaba suna kallon titi, shida ƙanana a baya, a ɗakin haihuwa. Iskar teku ta ci ƙarfen, tsatsa ta kumbura shi, gilasan suka tsattsage ɗaya bayan ɗaya. Sau huɗu ana yi mana alkawarin gyara, kowane dab da zaɓe. Ni abin ya fi damuna, domin yayata, Dada Sedami, ta shiga watan haihuwa, ga damina ta kankama. A haihuwarta ta fari, sai da aka riƙe wa ungozoma lema.

Kwatsam sai ga sanarwa cewa Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda babu ƙyallen bikin buɗe gini da ya taɓa gagararsa, zai zo buɗe asibitin da aka gyara. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma manyanmu sun fi ƙarfin karin magana: ziyara Talata, gilashi ya iso Asabar. Aka kira ni, kasancewar ina da difloma a fannin gini.

Ƙa'idar aikin ita ce, kowace taga a auna ta ita kaɗai, sannan a rage kaɗan, saboda ƙarfe yana motsi da zafi. Cikin ladabi na tambayi Mai Martaba Magatakardan Awo, wanda ya rako kayan, ko wa ya ɗauki awon.

"Ni da kaina," in ji shi. "Taga ai taga ce."

Na ɗaga gilashi ɗaya na kara a tagar gaba, sai ya nemi wucewa ciki kamar akuyar da ta ga ƙofa a buɗe. Ya gaza da faɗin yatsu huɗu.

Tanti Ablawa mai sayar da akasa, wato agidin masara, a bakin ƙofa ta kwashe da dariya. "Ai na gan shi ranar da ya zo awon! Rana ta buɗe a gaba, sai ya zagaya baya gindin mangwaro, ya auna taga guda ɗaya, ya ci akasata biyu da kifi, ya kama gabansa."

Magatakarda ya yi kamar bai ji ba. "Kai mai difloma, ƙara musu tsawo mana."

"Ranka ya daɗe, gilashi ana rage shi, ba a ƙara shi."

"To a cike gurbin da ƙullun liƙi."

"Zai iya faɗowa kan Mai Girma, ranka ya daɗe. Amma na lura sun dace da tagogin baya."

"Baya? Wa zai ga baya? Umarnin ofis gaba ya ce!"

Ya shiga mota ya bar ni da gumi. Ga gilashi, ga tagogin da suka dace da shi, ga hadari yana haɗuwa, ga umarni a rubuce. Ina cikin lissafin shekarun da ake ɗaure wanda ya saɓa wa ofis, sai babbar ungozoma, Mama Hunsi, ta dafa ni.

"Mahunyo ɗana, karatu ya cika maka ciki da tsoro. Gilashin nan in ya kwana a ƙasa ba fashewa zai yi ba?"

"Zai iya, Mama."

"To ka adana wa gwamnati kayanta a wuri mai aminci. In an tambaya, ajiya muka yi."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na nufi tagogin ɗakin haihuwa, na kankare tsatsa, na shafa fenti, na zaunar da kowane gilashi, na liƙe shi da kyau. Ban taɓa yin ajiya mai ƙarko irin wannan ba. Waɗanda suka ragu kuwa, Magatakarda ya dawo ya adana su a bayan motarsa, Allah ya saka masa da irin kishinsa.

Ranar Talata aka shafa wa ƙarafan gaba shuɗin fenti, aka tsayar da mata biyu da tsumma suna goge iska. Mai Girma ya iso da motoci sha ɗaya, ya ratsa 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, da ke tura baburansu don rashin mai. Ya tsaya daga nesa, ya gyara tabarau.

"Na zaga ƙasashen duniya," in ji shi, "ban taɓa ganin gilashi mai haske irin wannan ba. Kamar babu shi!"

A daidai lokacin wata tattabara ta shiga ta taga ta uku ta fito ta ta bakwai. Muka ƙara ƙarfin tafi.

Da la'asar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, kuma a cikinsa Dada Sedami ta haifi 'ya mace. Ruwan yana dukan gilashi yana gangarewa, lemar Mama Hunsi tana rataye a ƙusa, a bushe.

Abin da ya rage shi ne takardar yabon. A ƙasanta an rubuta cewa duk gilashin gaba da ya fashe cikin shekara goma, ni zan amsa. Na karanta sau uku, na sa hannu. A duk ayyukan da na yi tun da na karɓi difloma, wannan ne kaɗai nake iya rantsuwa ba zai taɓa fashewa ba.