Ranar da Nini Ijoh Ta Sallami Makaɗa

"Lafiya lau na kwana, Nini. Ke fa? Na ji minsharinki har nan sama, na ɗauka injin casar shinkafa aka tayar."

"Kai da ka gaji minsharin har ka ƙara masa fito? Matsa ka ba ni wuri, maigida, ƙafafuna ba na haya ba ne."

Nini Ijoh ce ta hawo benen jikanta Gugun, hannu ɗaya a bango, ɗaya riƙe da farantin soyayyar ayaba. Shekararta saba'in da bakwai, kuma a unguwarmu ta Garut da wuya ka sami gidan da aka yi biki ba ita ta yi waƙa ba. Safiyar Asabar ce. Ranar Litinin za a kai ta Bandung a yi mata aiki a maƙogwaro, likita kuma bai ɓoye mata ba: magana za ta dawo, waƙa kuwa sai yadda Allah ya yi. Akwai wata waƙar girbin shinkafa da ta koya wurin mahaifiyarta, baiti goma sha ɗaya, ba wanda ya san ta duka sai ita. Kwana uku ke nan Gugun yana ƙoƙarin naɗar waƙar a kwamfutarsa, kwana uku kuma kwamfutar tana sarƙewa a baiti na biyu.

Ta zauna, ta harari kwamfutar da aka ɗora kan kofuna biyu, fanka na hura ta ta ƙasa.

"Yaya mai jikin? Yau ma tarin za ta yi?"

"Ba tari take ba, tsoro take ji. Ba ta taɓa jin murya mai shekaru irin taki ba."

"Tsoro? Na yi waƙa gaban mutum dubu da lasifika ɗaya, ruwa na zuba ta rumfa, ba wanda ya ce in dakata. Sai yau, a ɗakin da aka manne wa kwalin ƙwai."

"Kwalin ƙwan nan shi ke hana maƙwabta kai ƙararki."

"Maƙwabtan da na aurar da iyayensu? Saka mini abin kunnen, mu gani."

Ya saka mata. Kacapi, abin kiɗan nan mai tsirkiya da yawa, ya fara daga kwamfutar, yana zubo sauti a hankali, sarewa ta bi, ganguna suka shigo. Baiti na farko ya wuce lafiya. A na biyu, daidai inda take jan murya, sai sautin ya fara ƙaraf-ƙaraf kamar ana taka busasshen ganye, sannan ya ɗauke.

"Ga shi nan," in ji Nini. "Ta shaƙe."

Gugun ya nuna mata wani ɗan layi da ya yi ja a saman allo. "Ƙwaƙwalwarta ce ta cika. Bari in ƙara mata lokaci, ta riƙa ɗan jinkirtawa kafin ta amsa."

Suka sake. Ko layi ɗaya ba ta gama ba ta fizge abin kunnen.

"Wace tsohuwa ce wannan take maimaita abin da na faɗa?"

"Ke ce, Nini. Muryarki ce take dawowa a makare."

"Ƙarya kake. Ni ban taɓa makara a waƙa ba. Cire mini ita daga kunne kafin in mare ta."

"In na cire ta, tarin zai dawo."

"To cewa za ka yi a kashe makaɗan in yi ni kaɗai? A'a. Ban taɓa buɗe baki ba kiɗa ba, ba kuma zan fara da furfura ba."

Ta kurɓi ruwan citta, ta ɗan dafa maƙogwaro da yatsu biyu. Gugun ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Can ya ce a hankali, "Saura sau nawa, Nini?"

"Ɗaya. In na matsa, biyu. Jiya da na sauka daga nan ko sallama ban iya amsawa ba." Ta gyara zama, ta ɗaga murya. "Kada ka yi mini wannan fuskar ta zaman makoki. Juyo da abin nan in ga me ke cikinsa."

Ya juyo mata allon.

"Waɗannan layukan masu launi fa?"

"Makaɗanki ne. Kowane layi makaɗi ɗaya. Su talatin da huɗu."

"Talatin da huɗu! 'Yar sarki za ka aurar?"

"Kuma ba naɗaɗɗu ba ne. Kwamfutar ce take kaɗa su duka nan take, kowane sauti sai ta ƙirƙire shi."

"Baiwar Allah. Wannan ɗan akwatin da ke maƙale da kowannensu fa?"

"Amsa-kuwwa ce, don a ji kamar a babban zaure ake kiɗan."

"Kowa da tasa?"

"Kowa da tasa."

Nini ta dube shi, ta dubi allon, sai ta fashe da dariya har sai da ya miƙa mata ruwa.

"Yaro, wato zaure talatin da huɗu ka gina? Mai ganga a zaurensa, mai sarewa a nasa, kowa ya rufe ƙofa? Ta ina za su ji juna? Kakanka Aki Somad makaɗa tara yake da su, tabarma ɗaya suke zama, gwiwa na gogar gwiwa. In ɗaya ya ci albasa, duk taran sun ci."

"Wannan zamanin ya wuce, Nini."

"Zamanin ya wuce amma kiɗansu bai taɓa shaƙewa ba. Rushe zaurukan nan, ka bar ɗaya, kowa ya shigo ciki."

Gugun ya dubi allon. Ya sosa ƙeya. Sannan ya fara cire akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe amsa-kuwwa guda, ya tura dukan makaɗan cikinta. Jan layin nan ya sauko, ya zama ruwan ɗorawa.

"Dama abin da nake shirin yi ke nan," in ji shi.

"Kwana uku kana shiri. Haka ka yi wata goma a cikin uwarka, kana shiri."

"Wata tara ne."

"Kai ka ƙirga ko ni? Kunna mu ji."

Ya kunna kiɗan kaɗai. Ya tafi sumul har inda ganguna ke haɗuwa, nan ya ɗan yi ƙaraf sau biyu.

"Da saura," in ji Gugun. "In muryarki ta hau kai, zai sake faɗuwa."

"Karanto mini su waye a ciki."

"Kacapi biyu, sarewa biyu, ganguna shida, ƙarafan kiɗa takwas, iska, tsuntsaye, ruwa na gudu, kwaɗi uku..."

"Kwaɗi?"

"Don a ji gona."

"Innalillahi. Ɗan jikan manomi! Waƙar girbi ce fa. Kafin a sa lauje an tsane ruwan gona tun sati biyu, ƙasa ta bushe har tana tsagewa. Kwaɗon da ke kuka a lokacin nan sai dai in kai ne."

"Mutanen birni ba za su sani ba."

"Uwata za ta sani daga kabarinta. Kori kwaɗin, su tafi da ruwansu."

Ya goge kwaɗi, ya goge ruwa, yana gunaguni cewa sati guda ya yi yana zaɓensu.

"Sauran kuma," Nini ta ci gaba, "sun gama kiɗansu?"

"Sun gama. Zan iya naɗe su su zama sauti ɗaya, kwamfuta ta daina ƙirƙira, sai dai ta kunna kawai. Amma in na yi haka, ba zan iya taɓa su ba yayin da kike waƙa. Akwai wani wuri a sarewa da ban gamsu da shi ba."

"Mai sarewar kakanka shekara ashirin yana kuskure a wuri ɗaya, har mutane suka ɗauka haka waƙar take. Ranar da ya gyara, sai da uwar amarya ta yi ƙorafi."

"Ni ba shi ba ne."

"Gaskiya ne, shi yana da mata. Ji nan, maigida. A gidan biki, makaɗin da ya gama aikinsa ƙunsa masa shinkafa ake a ganyen ayaba, a yi masa godiya, ya kama hanya. In ka bar shi zaune, abincin baƙi zai cinye. Ƙunsa musu su tafi. Ni kaɗai ce ban yi nawa ba, kuma ni ce mai tafiya jibi."

Gugun ya jawo kwamfutar gabansa. Ya ajiye kwafin aikin a gefe, ya naɗe makaɗan duka suka zama layi ɗaya. Allon da ya cika da launuka ya koma layi biyu: kiɗa a sama, wurin Nini a ƙasa, fanko. Ɗan layin nan da ya yi ja ɗazu ya koma kore, ya kwanta can ƙasa. Har ƙarar fankar kwamfutar ta lafa.

"Kin kore mini mutane talatin," in ji shi.

"Da kwaɗi uku. Miƙo abin kunnen."

Ta yi bismilla. Kacapi ya shigo, ta bi shi. Baiti na biyu ya zo, ta ja muryar nan har ƙarshenta, ba abin da ya motsa. Gugun ya ɗauke hannunsa daga kan tebur gaba ɗaya, ya sa a cinya. Na uku, na huɗu. Daga na shida waƙar ta shiga inda bai taɓa ji ba, sunayen gonaki da na matan da suka yi girbi a cikinsu. A ƙasa aka daina jin ƙarar kwanuka. A baiti na tara muryar ta tsage, Nini ta rufe ido ta haye, ta kai na goma sha ɗaya, ta sauke shi a hankali tare da kiɗan.

Ya danna tsayawa. Ya ajiye naɗin sau uku a wuri uku kafin ya yi numfashi.

"Kunna," ta ce, da 'yar muryar da ta rage.

Ta saurara daga farko har ƙarshe, hannunta a haɓa.

"Wannan yarinyar ta iya waƙa. 'Yar gidan wa ce?"

"Wata tsohuwa ce mai faɗa. Amma a baiti na tara ta ɗan zame. Zan iya gyara mata, ba wanda zai gane."

"Taɓa shi ka ga. Nan ma uwata take zamewa."

Gugun ya yi dariya, ya goge ido da gefen riga. "Shi ke nan, Nini. Kin ci. Ke ce injiniya, ni mai riƙe waya ne."

"Sai yanzu ka yi magana irin ta masu hankali." Ta kai hannu ƙeya, ta zare tsinken azurfar da take ɗaure gashinta da shi, furfurar ta zubo kan kafaɗa. Ta danƙa masa a tafin hannu. "Da shi na hau dandamali na farko. Ba naka ba ne, ka ajiye wa wadda tsautsayi zai sa ta aure ka."

"Ki dawo ki yi waƙar bikin, to."

"Ka samo ta tukuna. Kama ni mu sauka, likita ya zo da wuƙarsa yanzu in ya ga dama."