Mabiyiya a Cikin Tallaja

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma da minti arba'in na safiyar wata Talata ba (na san mintin ne don da hannuna na rubuta shi, kuma rubutun nan shi ya tona ni). A lokacin ne matar yayana ta haihu a gidanmu na Kurayyat, nan ƙasar Larabawa, kafin motar asibiti ta gano lungunmu.

Yaya Amina, wadda nake bi, shekararta uku da ciwon jijiyoyin nan da likitoci ke kira tasallub. Yau ƙafa ta ɗauke, gobe ido ya dushe. Ni kuwa abin da na iya a duniya karatu ne, sai na bi ciwon da karatu. A nan na ga ana adana jinin cibiyar jariri, wai wataƙila nan gaba ya yi wa masu irin ciwonta amfani. Wata biyar ina shirin gaya wa yayana. Amma budurwa ta dubi yayanta ta yi masa zancen cibiya da mabiyiya? Gara ƙasa ta tsage.

Da aka yanke cibiya, kakarmu Hajja ta wanke mabiyiyar, ta naɗe a farin ƙyalle ta ajiye bayan ƙofa, sai la'asar a binne kamar yadda aka saba. Na ce a raina jini ai yana ciki. Na faki ido na ɗauke, na sa a leda uku, na manna takarda, na tura can ƙasan tallaja, wato firij, wajen daskararrun kaji.

La'asar ta yi, gida ya kama da wuta. Hajja ta ce ba mai satar mabiyiya sai mai sihiri, kuma ta ga Khala Binta maƙwabciyarmu tana kai-kawo wajen ƙofar. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka daina amsa sallamar baiwar Allah. Ni? Ina ɗaki na buɗe littafi (kwana shida a shafi ɗaya).

Ana gobe suna mata suka cika gida don girki. Khala Binta ma ta zo, ta ce jinjiri bai yi mata laifi ba. Ita aka aika ta fito da kaji. Sai ga ta da ƙulli a hannu, ta gyara tabarau, ta karanta da ƙarfi:

"Mabiyiya. Talata, goma da arba'in. Don Allah kada a narkar." Ta juya takardar. "Ya salam, har da fassarar Larabci!"

Duk gidanmu mutum ɗaya ce ke ja wa rubutu layi da rula.

"Ke 'yar nan," in ji Hajja, "farfesu za ki yi mana da ita?"

A gaban mata kusan ashirin, ni da ko gaisuwa sai an matso ake jina, na yi bayanin ƙwayoyin jini. Khala Binta, wadda ta daɗe tana aiki a ɗakin haihuwa, ta bari sai da na kai aya.

"Ya binti, jinin nan ana haihuwa ake zuƙe shi da allura, a jaka ta musamman, a kai ma'ajiyarsa, kuma tun da ciki ake shirya abin. Shi ɗin ma ga ciwon yayarki gwaji ake yi tukuna. Wannan kam khalas, ta lalace, ƙanƙara ce. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, da kin tambaye ni."

Hajja ta ba Khala Binta haƙuri har da rungumar dole, aka binne mabiyiya a daskare, kajin kuwa kowa ya ce ya ƙoshi. Ranar na gane kunyar tambaya ba ta raba mutum da kunya, tara masa ita take ta ba shi a taro.

Da aka watse na je wajen Yaya Amina, idonta jajir don dariya. Na ce, "Yaya, kin yi fushi?"

Ta jawo kaina ta sumbata. "Fushin me, habibti? Ba wanda ya taɓa yin sata domina sai ke. Amma don Allah, duk ranar da aka ce ina buƙatar ƙoda, kada kowa ya gaya miki."