Rasuwar 'Yar'azumi, Kwamfutar da Ta Cika Tana Roƙon Faifai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani tafasasshen fushi da baƙin cikin ya kasa dannewa, Misbahu Sa'idu Auta na unguwar Gagulmari, cikin garin Haɗejiya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabta, har da waɗanda suka yi dariya, rasuwar kwamfutarsa kuma aminiyarsa, 'Yar'azumi, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talatar nan da hantsi, a kan teburinta, bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta cika bakinta a buɗe, tana roƙon abu ɗaya tak, alhali a cikin dangin nan akwai mutumin da ya san inda abin yake tun ranar da ta fara roƙo.

Marigayiyar ba a hannunsa ta fara rayuwa ba. Ta yi ƙuruciyarta a wani shagon buga takardu, kafin mahaifinsa, marigayi Malam Sa'idu, ya ɗauko ta a bayan babur cikin wani watan azumi, shi ya sa aka raɗa mata wannan suna. Ta shigo gidan da allonta mai ƙaton ƙeya, da akwatinta, da faifan manhajarta guda ɗaya a cikin farar ambulan, wanda mai shagon ya ce a adana shi kamar takardar haihuwa. An kuwa adana shi, a cikin kwalin da ake tara faifan gidan duka.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaida cewa baiwar Allah ce mai haƙuri. Ba ta da sauri, amma ba ta da ƙarya. In an tashe ta, sai ta ce "ƙit" sau ɗaya, fankarta ta ɗauki "fuuu" kamar tsohuwa tana hura wuta, daga nan sai aiki. Ta sha zafin bazarar Haɗejiya ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Shekarar da ruwa ya shigo unguwa, a ka aka fitar da ita, ta tsira da ranta, sai dai damshi ya cinye mata ramukan da ake soka filash, suka yi tsatsa, ba su sake amsa komai ba. Tun daga lokacin, abin da ya shiga cikinta ba ya fita sai ta bakin firinta. Mai ɓoye sirri ce ta gaske, kuma wannan halin nata ne ya zama masifa daga baya.

Babban aikin da ta yi a duniya shi ne, ta zama harshen Misbahu. Ba abin ɓoyewa ba ne, duk Gagulmari an sani. Misbahu ya karanta littattafai har idonsa ya nemi tabarau, ya san kalmomin so da za su cika kwale-kwale, amma da zarar ya tsaya a gaban Adila, 'yar Malam Abdulrahman ta unguwar Dubantu, sai duk su watse su bar shi da "ya gida?" Sai ta ce lafiya. Sai ya kalli takalminsa, can ya ɗago ya sake cewa "ya gida?" Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya zauna a gaban 'Yar'azumi ya fara rubuta wa Adila littafi: labarin wani ɗan masunta da yarinyar da ke tsallaken kogi. Kowane mako ya buga babi ɗaya, ya kai mata bayan la'asar, ta karanta a soro tana murmushi, shi kuma yana nazarin takalminsa. Har ƙawayenta sun san wane ne ɗan masunta. Babi na ƙarshe, inda saurayin yake neman izinin turo magabatansa, an rubuta shi, an goge, an sake rubutawa, an yi kuka a kansa. Bugawa kawai ya rage. Kuma lokaci ya matse, domin Malam Abdulrahman ya ce kafin a yanke shinkafar bana yana son Adila ta faɗi wanda zai turo, ga kuma Musaddiq mai shagon taki, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ko a bayan liman, yana ta zarya a Dubantu da sabuwar shadda.

A daidai wannan gaɓar ciwon ajali ya sauka.

Ya fara ne kamar wasa. Misbahu ya buɗe manhajar rubutu, sai ya ji "ɗin!" Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo da rubutun Turanci, ma'anarsa: saka faifai. Ya danna maɓallin sokewa, akwatin ya tafi, aiki ya buɗe. Washegari sai da ya soke ya sake sokewa. Kafin mako ya zagayo, in ya soke ɗaya sai wani ya fito a bayansa, wani a bayan wancan, kamar masu karɓar sadaka a ƙofar gidan suna. Daga ƙarshe manhajar ta ƙi buɗewa sam. Sai "ɗin!", sai marigayiyar ta zaro tiren faifanta waje, "ƙirrr", kamar mara lafiya ya miƙo harshe. Saka faifai. Saka faifai. Ya je kwali ya ɗauko farar ambulan, ya tarar da ita fayau, ba komai a ciki.

Allah ya sani ba a yi sakaci da jinyarta ba. An goge mata ido da auduga. An hure mata ƙura. An ba ta faifan bikin wata 'yar uwa ko za ta yi haƙuri da shi, ta juya shi, ta tofo. An bi shawarwarin masana a waya, waɗanda suka ce a cire manhajar a sake sakawa, ashe cirewar ma sai da faifan. An ɗora ta a babur an kai ta wurin Abdulmannan mai gyara, wanda ya saurare ta kamar likita, ya kaɗa kai, ya ce, "Malam, wannan sai dai a wanke ta tas." Da aka gaya masa akwai littafi a ciki, sai ya ce, "To ka sake rubuta wani mana, ba daga kanka ya fito ba?" Ya gwada wani faifai nasa na kwafi, ta ce ba shi ba ne, ita nata take so. Ya ce zai iya zaro ma'ajiyarta ya kwashe abin da ke ciki, amma irin ta dā ce, igiyarta sai Kano, zai sa a taho da ita. Har yau igiyar tana hanya. Allah ya isa tsakanin marigayiyar da wannan igiya.

Mahaifiyarsa, Inna Ummussalma, ita ta fasa ƙwan ba da niyya ba. Ta gan shi ya zazzage kwalin a tsakar gida yana huci, sai ta ce, "Wai waɗannan madubban kake nema? Ai Baffanka ya kwashe su tun da shinkafa ta fitar da kai."

Jama'a, a tsaya a nan a yi shiru na ɗan lokaci.

Baffa Fannami, yayan mahaifinsa, babban gidan nan tun bayan rasuwar Malam Sa'idu, manomin shinkafa a fadamar Auyo, ya shigo gida wata rana Misbahu ba ya nan, ya buɗe kwalin, ya zaɓa. Ya bar na karatu da na wa'azi, domin shi mai tsoron Allah ne. Ya kwashe na fina-finai da duk wanda ya ga rubutun boko a jikinsa, ya tafi da su gona, ya ɗaure su a igiya, ya rataye a kan sanduna, don walƙiyarsu ta riƙa korar tsuntsayen jan-baki. Misbahu ya karanta labaran masoya da yaƙi ya raba, da waɗanda teku ta raba, da waɗanda sarakuna suka raba. Bai taɓa cin karo da wanda aka sadaukar da soyayyarsa don tsoratar da tsuntsu ba.

Ya hau babur har inda hanya ta ƙare, ya shiga kwale-kwale, suka kutsa ta cikin ciyawar kacalla, ya ƙarasa da ƙafa cikin taɓo har gwiwa. Ya hango gonar tun daga nesa tana ƙyalƙyali kamar an yi mata kwalliyar amarya. A tsakiya, a kan sanda mafi tsawo, ga faifan 'Yar'azumi yana juyi a iska. Rana ta lanƙwasa shi. Tsuntsaye sun bar masa shaidarsu. An kuma huda gefensa da ƙusa mai zafi, wai don ya fi juyawa.

Ya durƙusa ya gaida Baffa, domin fushi bai hana tarbiyya ba, sannan ya nuna masa sandar. Baffa ya ɗaga kai ya duba, fuskarsa ta cika da alfahari.

"Wannan? Kai ɗan Sa'idu, ai shi ne sarkin yaƙina! Na Indiyan nan duk ragwaye ne, kwana kaɗan suka dusashe. Wannan kuwa, tun daga garin Guri jan-baki ke hango shi su canza hanya."

"Baffa, ran kwamfutata ne a jikinsa."

"Ikon Allah. To ita ma tsuntsu ke damunta?" Ya kunce igiyar da kansa, ya goge faifan a gefen rigarsa mai yashi, gogewar da Misbahu ya ji ta har cikin haƙoransa, ya miƙa masa. "Ungo. In ta gama da shi ka dawo min da abina, ba a yi yanka ba tukuna."

Ranar Talata da hantsi, bayan an wanke faifan an shanya, aka ɗora mata shi a kan tire. Ta janye shi ciki a hankali, kamar mai ƙishirwa da aka ba ruwa. Ta fara juya shi. A karo na farko cikin makonni, ɗan akwatin nan ya ɓace daga allo, kuma Misbahu ya rantse ya ga sunan littafinsa ya fara bayyana. Sai ƙarar ta canza. "Wuuu" ta koma "garrr", teburin ya ɗauki rawa, sai "tas!" Faifan ya tarwatse a cikinta. Fanka ta tsaya. Wani siririn hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba ya fito ta bayanta. Ta zaro tiren rabi, da ɓaraguzai a kai, ba ta iya mayarwa ba. Abdulmannan ya zo ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce har ma'ajiyar ta tafi. Sannan ya tambaya ko za a sayar masa da allon. A gaban gawa!

Ta rasu ta bar allo, wanda ya zama maraya yana kallon bango, da kibod da harafin A ya goge a jikinsa saboda yawan rubuta suna ɗaya, da linzamin da ake dannawa, da firinta, wadda ba ta san an yi mutuwa ba, har yanzu takarda na bakinta tana jiran babin da ba zai zo ba. Ta bar Misbahu, wanda ba ya iya tuna ko jimla ɗaya ta wancan babi yadda take, sai ƙamshinta kawai.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su kiyaye harshensu. Duk wanda ya ce "me ya sa ba ka kwafa a filash ba?" a koma sama a karanta tarihin marigayiyar, sannan a fita ta ƙofar da aka shigo. Duk wanda ya ce "ai yanzu a waya ake rubutu," ba a gayyace shi ba. Wanda kuma ya ce "ai shinkafar Baffa ta yi kyau bana," ya sani an ji, kuma ba za a manta ba.

Mutum ɗaya ce aka yafe wa ta faɗi abin da ta ga dama. Adila ta zo yau da safe da ƙawarta, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi gawar, ta dubi mai gawar.

"Sannu da rashi, Malam Marubuci. Allah ya ba ka wadda ta fi ta ƙuruciya."

Ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ya gida?"

"Gida lafiya, tun bara nake gaya maka." Ta gyara mayafinta. "Ni fa ba kwamfuta ce take zuwa zance wurina ba. Baba ya ce Juma'ar nan bayan masallaci yake son ganin magabata. Ka zo gobe bayan la'asar ka faɗa min babin nan da bakinka, ko da in'ina ne, ko da kana kallon takalmin ne. In na ji, ka turo babbanku. In ban ji ba, Musaddiq ya haddace nasa babin tun tuni, har da amshi."

Saboda haka, ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, malamai sun ce ba a yi wa ƙarfe. Za a goge ta, a naɗe igiyoyinta, a sa ta a kwali, a kai ta makwancinta a saman sif ɗin ɗakin Inna gobe Alhamis da safe. Ana gargaɗin 'yan gwangwan da suka fara leƙe ta katanga da su kama gabansu. Za a karɓi gaisuwa daga hantsi zuwa azahar kawai. Bayan la'asar mai makoki ba ya gida. Zai kasance a Dubantu, ba takarda a hannunsa, ba kowa a bayansa, kuma yana neman addu'ar duk wanda ya taɓa son wani abu.

Game da Baffa Fannami kuwa, an hana shi halartar rakiyar gawa, an hana shi zaman makoki, kuma ba za a mayar masa da ko ɓarin faifan ba. Sai dai Malam Abdulrahman ba zai saurari kowa ba sai babban gida, kuma gidan nan ba shi da wani babba sai shi. Don haka ana roƙonsa, don girman Allah da zumunci, ya samu wanda zai tsare masa gona, ya fito da babbar rigarsa ta Sallah, ya jira a bakin ruwa ranar Juma'a da safe. Misbahu da kansa zai zo ya ɗauko shi a babur, zai durƙusa ya gaishe shi, zai kuma riƙe masa takalmi a ƙofar soro.

Za a ci gaba da fushi ranar Asabar, in Allah ya kai mu.