Yatsan da Siminti Ya Cinye

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Halartar Darasi da Izinin Fashi,
Kwalejin Koyon Sana'o'i,
Ofishin da ke saman bene.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai kujera mai juyawa, tare da tambayar lafiyar iyali da ta ma'aikata, na ɗauki biro ne don in yaba muku kan na'urar dangwala yatsa da kuka kafa a bakin ƙofar kwaleji. Ni 'yar kasuwa ce, robobi da bokitai nake sayarwa, kuma a rayuwata ban taɓa ganin abin da ba a ciniki da shi ba sai wannan na'ura. Ba ta da ɗan'uwa, ba ta san "don Allah" ba, ba ta ragi. A da, an ce, ɗalibi ɗaya kan amsa sunan mutum biyar da murya biyar. Yanzu kun toshe wannan ƙofa. Allah ya ƙara basira.

Sai dai akwai 'yan ƙananan abubuwa da ƙaramar ƙwaƙwalwata ta kasa ɗauka, game da ɗan ƙanena da ke hannuna, wanda muke kira Na-Gwaggo. Gini yake koyo a wajenku, yana shekarar ƙarshe, kuma kun aiko mana da takarda cewa ba zai zauna jarrabawar fita ba saboda halartarsa ba ta cika ba.

Na ɗaya. Takardar taku ta ce yaron "ya shahara da fashi". Ina roƙon a riƙa duba kalma kafin a aika ta gidan mutane. Kakarsa aka karanta wa, ita kuwa fashi ɗaya ta sani a duniya. Sai da muka yayyafa mata ruwa. Da ta farfaɗo, tambayarta ta farko ita ce ina ya ɓoye bindigar, ta biyu kuma me ya sa duk da haka takalminsa yake a yage.

Na biyu, kuma nan ne gundarin maganar. Yaron nan kullum yana zuwa. Ni nake tashinsa, ni nake ganin dawowarsa fari fat kamar an tono shi daga buhun gari. Abin da ya faru shi ne siminti ya cinye masa zanen yatsa. Duk wanda ya taɓa kwaɓa siminti da yashi, ya ɗauki bulo, ya shafe bango, ya san yadda hannu ke komawa. Babban yatsansa yanzu sumul yake kamar gindin sabon bokiti. In ya ɗora, sai na'urarku ta kunna jar wuta ta ce ya sake gwadawa. Ya lasa, ya goga a goshi, ya hura masa iska, ya ƙarar mini da man shafawa, na'ura ta ce ba ta san shi ba. Sai mai gadi, wanda ya san shi har da sunan tsokana, ya buɗe masa ƙaramar ƙofa ya shiga ya wuni yana aiki, a rubuce kuma yana gida yana barci. Wato, in na fahimta daidai, a kwalejinku gwargwadon yadda ɗalibi ya dage da aiki, gwargwadon yadda yake ɓacewa. Ko kuwa ni ce ban yi karatu mai zurfi ba?

Na uku. Ina taya ku murna da gwarzon halarta na bana, abokin ajinsa, wanda kuka manna hotonsa a allon sanarwa. Na san shi, yakan sauke mini kaya. Yatsansa lafiya lau, zane raɗau, domin bai taɓa bari siminti ya kusance shi ba. Da safe zai dangwala, ya zagaya ta bayan ɗakin ajiya, ya hau babur ɗinsa ya tafi ɗaukar fasinja, ya dawo da yamma ya sake dangwalawa. Ban kawo ƙararsa ba, yaro ne mai ladabi kuma ba ya gudu a hanya. Ina dai fatan ranar da za ku gina sabon ofishi, shi za ku ba aikin, kuma ku zauna a ciki.

Na huɗu. Na rufe rumfata na zo da kaina. Akawun ofishinku ya karɓe ni hannu biyu, bayan ya gama cin abin da yake ci. Na kawo malamin gini, ya shaida cewa yana ganin yaron kullum, har ma shi yake sawa ya nuna wa na baya yadda ake riƙe cokalin gini. Akawu ya buɗe littafin dokoki ya nuna mana cewa ba a ambaci idon malami ba a ko'ina. Ya ce mini: "Gwaggo, mutum yana kuskure, na'ura ba ta yi." Na kalli malamin, malamin ya kalli silin.

Da na tambayi mafita, sai ya ba da shawara mai kyau: yaron ya nemi izinin hutu, ya ajiye siminti har fata ta tsiro. Na ce madalla. Ya miƙo takardar neman izini. A ƙasanta akwai wurin da mai nema zai tabbatar da cewa shi ne, ta hanyar dangwala yatsa a na'ura. Ranka ya daɗe, na sha ganin wayo a kasuwa. Na ga mai sayar da tulu ya toshe huda da sabulu. Amma ban taɓa ganin an kulle ɗaki an ajiye makullin a ciki, sannan a tsaya a ƙofa ana yi wa mutum murmushi ba.

Na biyar. Dokar izinin rashin lafiya ta ce a nemi izini tun kafin ranar da za a yi fashin. Wannan ta burge ni ƙwarai. A gidanmu zazzaɓi ba ya aiko da sanarwa, faɗowa kawai yake yi. In naku yana bugo waya tukuna, a taimaka mana da lambarsa. Duk da haka na kai yaron asibitin kwaleji ko za a rubuta masa shaida. Ma'aikaciyar jinya ta juya yatsan sama da ƙasa, ta ce wannan ba ciwo ba ne, aiki ne. To ga shi nan: bai yi ciwon da za a ba shi hutu ba, bai kuma yi lafiyar da za a ce ya zo ba.

Na shida gajere ne. An ce akwai safar hannu a ɗakin ajiya. Mai ajiya ya ce ana ba ɗaliban da halartarsu ta cika ne kawai. Gwarzon naku ya karɓi tasa, tana yi masa amfani a kan babur.

Ranka ya daɗe, ba wasa ya kawo ni ba, ko da yake kun ba ni abin dariya kyauta. Uban yaron nan bayansa ya riƙe, ba ya iya ɗaga ko butar ruwa. Akwai ɗan kwangilar da ya yi alkawarin ɗaukar Na-Gwaggo aiki da zarar ya kawo takardar shaidar kammalawa, kuma ya faɗa mini a fili cewa ba zai jira wata shekarar ba. Yaron da ke cika mana gida da surutu yanzu yakan zauna a bakin ƙofa yana kallon yatsansa kamar wanda ya ci amanarsa. Jiya na ji yana tambayar mai gyaran takalmi ko ana iya zana wa mutum yatsa da allura. Na kwaɗe yaron da murfin bokiti, amma ban yi barci mai daɗi ba.

Saboda haka na yi nawa binciken, kuma ina farin cikin sanar da kwamiti cewa an ga abin da ya ɓata. Bangon ɗakin mai gadi, wanda na'urar take manne a jikinsa, 'yan ajinsu ne suka yi masa shafe a zangon farko. Yaron ya nuna mini kusurwar ƙasa, inda ya danna babban yatsansa a ɗanyen siminti don tsokana, tun yatsan yana da zanensa. Zanen yana nan raɗau, layi bayan layi, taku kaɗan daga na'urar. Tun ranar bai motsa ba. Bai taɓa makara ba, bai taɓa neman izini ba, ko ranar hutu yana nan.

Ina durƙusawa har ƙasa, gwargwadon yadda gwiwoyina za su yarda, ina jiran hukuncinku mai cike da hikima. Abu ɗaya kawai nake so a fayyace mini don in shirya da wuri: ranar jarrabawa, yaron zan turo, ko kuwa bangon ne zai zauna?

Taku mai biyayya, wadda ba ta taɓa fashi a rumfarta ba,
Gwaggo Mai Bokitai,
Layin 'yan roba, rumfa ta kusa da famfo.