Rasuwar Ganga Mai Madubi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon dama mai zubar hawaye, Baba Mai Aski yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsa ta hangen taurari, wadda unguwa ta sani da Ganga. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan bencin shagonsa, tana da shekara goma sha tara.

Marigayiya daga gidan masu madubi ta fito. Baki gare ta kamar rijiya, a ƙasan cikinta kuma akwai madubi mai lotsawa da ke tattaro hasken da ido bai san da shi ba. Ta gefen wuyanta ake leƙawa, har maƙwabta suka daɗe suna zargin Baba da leƙen gidan tela alhali tauraron Zuhal yake kallo. Tana da halinta. Sai an yi mata saiti kullum, sai ta sha iska kafin ta yi aiki, in an juya ta kuma ta ce ƙiii.

Shekarun nan duka Baba ya yi su yana kare mutuncinta a gaban ƙanin matarsa, Mai Agogo, wanda ke da na'ura irin mai gilashi a goshi, siririya kamar sandar tsintsiya. Mai Agogo yakan ce tasa a rufe take, ba ƙura ba saiti. Baba yakan ce a rufe take don ba ta da abin nunawa, ga shunin da take shafa wa gefen farin wata kamar kwalli. Da wannan gardama aka aurar da 'ya'ya uku.

Jinya ta fara bara, da hazo ya rufe zobban Zuhal. Baba ya ji tsoron kada Mai Agogo ya ji labari, sai ranar Talatar ya ciro madubin a ɓoye ya yi masa abin da ya shekara arba'in yana yi wa madubin shago: sabulu, tsohuwar jarida da ƙarfin damtse. Madubin aski a baya azurfarsa take. Na Ganga a fuska take, jarida kuwa ta kwashe ta tas.

Kwana biyu bayan haka hazon ya bayyana a ƙeyar wani mai neman aski, uwargida ta tisa ƙeyar Baba zuwa asibiti. Likita ta ce yanar ido ce ta kama idon dama, ɗan gilashin da ke cikin ido ne ya dushe. Ashe marigayiya lafiyarta ƙalau. Baba ya yi kuka har ya ba da tausayi, sannan ya share fuska ya dubi Mai Agogo da ya rako su.

"Ka ji da kunnenka," in ji shi. "Gilashi ne ya ci amanata, ba madubi ba."

Ta bar ƙafafu uku, murfi ɗaya, da gwangwanin kusoshin da ba a san gurbinsu ba.

Za a kai ta makwancinta a saman kabad ranar Alhamis mai zuwa da la'asar. Ana karɓar gaisuwa a rufin bene da faɗuwar rana, bayan an cire wa Baba bandejin aikin ido. Mai Agogo ya ce zai zo da siririyarsa. Baba ya amince zai leƙa sau ɗaya, da sharaɗin kowa ya juya baya.